Ƙafar Mai Ciwon Sukari

Zafin ciwo wata rahama ce daga Allah. Shi ne ɗan aiken da ke gaya wa mutum ya taka ƙaya, ko takalmi ya ci masa ƙafa. To, ciwon sukari in ya daɗe a jiki, wannan ɗan aike yake fara kashewa.

Ga yadda abin yake. In sukari ya yi yawa cikin jini shekara da shekaru, sai ya lalata jijiyoyin da ke kai labarin zafi da sanyi zuwa ƙwaƙwalwa. Daga yatsun ƙafa ɓarnar ke farawa, ta yi ta hawa sama. Da farko mutum ya ji kamar tururuwa na bin tafin ƙafarsa, ko raɗaɗi da dare. Daga baya sai ƙafar ta daina jin kome. Sukarin nan kuma yana ƙuntata hanyoyin jini, har jini ya kasa isa wurin rauni yadda zai warke. Ta haka ne faso ko ɗan ƙurji ke zama gyambo, gyambo ya ci har ƙashi, nama ya ruɓe, likita ya rasa dabara sai yankewa.

Tun 1921 Banting da Best suka samo insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, yau kuwa magunguna sun yawaita. Amma magani ba ya amfanin wanda ya zauna gida yana cewa jifa aka yi masa, ana yi masa tsaga, ana barbaɗa gari a kan miki, sai ƙafa ta yi baƙi kana a ɗauko shi a kawo asibiti.

Muna roƙon mai wannan ciwo ya mai da idonsa madadin jijiyar da ta mutu. Wanda ke alwala yana wanke ƙafa sau da yawa a yini. To, ya duba tafinta da tsakanin yatsu, ya tsane ruwan sarai. Kada ya yi yawo ba takalmi, ko da a tsakar gida. Ya zazzage takalmi kafin ya sa. In hunturu ya zo, kada ya miƙa ƙafa ga kaskon wuta, ya kuma taɓa ruwan wanka da gwiwar hannu tukuna. Kada ya bari a yanke masa farce ko kanta da aska. Ya kiyaye abinci da magani yadda likita ya ce, ya bar taba, ya kai ƙafarsa a duba aƙalla sau ɗaya a shekara. In ya ga rauni kome ƙanƙantarsa, ya tafi asibiti a ranar.

Ku akawuna da malaman makaranta, maganarku tana da nauyi a unguwa. Ku kai wannan bayani zaure da masallaci da aji. Magidanci in ya rasa ƙafa, gona ta tsaya, gida duka ya shiga wahala. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.