Takunkumi ya tafi, tarin yana nan a aji

Tun watan Disamba na 2022, da gwamnatin tarayya ta ce sa takunkumin fuska ya koma ganin dama, nake neman wanda zai faɗa mini wace dama ce malamin firamare yake da ita da zai gani. Ma'aikacin banki akwai gilashi tsakaninsa da jama'a. Mai shago in ya ji jikinsa ba daɗi, sai ya bar wa yaronsa ya koma gida. Malamin aji uku a Giza ko Aloshi ko Kadarko kuwa, iska ɗaya yake shaƙa da yaransa tun daga taron safe har a kaɗa ƙararrawar tashi, kuma sana'arsa duk da baki ake yin ta. Zai ɗaga murya, yara su amsa masa da iya ƙarfinsu, ya sunkuya kan littafin wannan, wancan ya matso dab da fuskarsa ya kawo ƙara. Duk murar da ta shigo gari sai ta biyo ta ajinsa.

A nan Keana ta jihar Nasarawa dai ba wanda ya tsaya jiran sanarwar Abuja. Takunkumi ya daɗe da sauka haɓa, daga haɓa ya shige aljihu. An rufe makarantu saboda korona a watan Maris na 2020, 'yan ajin ƙarshe suka koma ranar 4 ga Agusta saboda jarrabawar WAEC, makarantun gwamnatin tarayya kuma, irin kwalejin 'yan mata ta nan Keana, aka ce su buɗe ranar 12 ga Oktoba. A wancan zangon kam an yi abin da gaske: bokiti mai famfo a bakin ƙofa, sabulu a gefensa, wata malama riƙe da na'urar auna zafi tana saita goshin yara ɗaya bayan ɗaya. A Janairun 2021 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta tanadi tara ko ɗaurin wata shida ga mai karya ƙa'idojin korona. A Afrilun 2022 aka sassauta, a Disamba kwamitin yaƙi da korona na Boss Mustapha ya ɗage abin da ya rage, ranar 5 ga Mayu 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama lamarin gaggawa na duniya. Bokitan nan yanzu da su ake yayyafa ruwa kafin shara.

Kada a ɗauka ina kiran a dawo da dokar takunkumi. Ba na cikin masu wannan ra'ayi. Korona ta yi mana ɓarna, ba wasa ba, don a ƙarshen Afrilun 2020 ta ɗauke ɗan majalisar dokokin jiharmu mai wakiltar Nasarawa ta Tsakiya. Amma adadin da hukumar NCDC ta tabbatar a duk Najeriya bai wuce mutum dubu 267 da ɗoriya ba, waɗanda suka rasu 3,155, kuma Nasarawa ta kasance a sahun gaba a jihohin da suka fi yin allurar riga-kafi. Ga wani abin kuma da masu rubuta doka a ofis mai sanyi ba su taɓa gwadawa ba: koyar da karatu da baki a rufe. Yaron Keana da Alago yake tashi a gida, ko Tibi, Hausa a kasuwa, sai ya shiga aji ya tarar da Turanci. Irin wannan yaro da ido yake jin rabin darasi. Sai ya ga yadda leɓen malami ya motsa kafin ya raba wannan harafi da wancan. Ka rufe bakin malami da ƙyalle a ajin da yara suka haura sittin, na bencin baya sun tashi a banza, shi kuma kafin azahar murya ta dishe.

Abin da ya dame ni shi ne abin da aka haɗa da takunkumin aka zubar. A 2020 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin sake buɗe makarantu, kuma takunkumi ɗaya ne kawai daga cikinsu. Akwai wanke hannu, akwai buɗe tagogi da rage cunkoso, akwai keɓe wurin ajiye yaron da ya kamu da zazzaɓi, akwai kuma babba a cikinsu: wanda ba shi da lafiya, malami ko ɗalibi, ya zauna a gida. A iya sanina, wannan ne karo na farko da tari ya zama uzuri karɓaɓɓe a makarantunmu. Malami ya bugo waya ya ce yana jin zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, sai a ce masa don Allah kada ka zo. Da takunkumi ya faɗi, wannan uzurin ya bi shi, muka koma gidan jiya, inda malamin kirki shi ne wanda ya zo aiki yana rawar ɗari.

Wata ƙanwata tana koyarwa a wata firamare a wannan yanki. Da bazarar bara ƙarambau ta shiga ajinta. Yaro ɗaya ya fara zuwa da ƙuraje a wuya, uwarsa ta shafe shi da farin magani har ya yi furu-furu, ta turo shi saboda ana gwajin tsakiyar zango. Bayan mako biyu sai ga shi a jikin malama, wadda ashe ba ta yi tana ƙarama ba. Wanda bai ga ƙarambau a jikin babba ba bai san ta ba. Ƙuraje har cikin baki da fatar kai, ruwa ma da kyar yake wucewa, zazzaɓi ya hana ta barci. Tana kwance hedimasta ya kira.

"Malama, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. To, masu duba makarantu za su shigo ranar Talata. Ko za ki daure ki leƙo ki sa hannu a rajista?"

"Ranka ya daɗe, fuskata ma ba ta kalluwa."

"Ki ja mayafi. Minti goma ne."

Ta je. A ofis ɗin da ta sa hannu akwai wata malama mai juna biyu, kuma ƙarambau ga mai ciki ba ƙaramin hatsari ba ce, gare ta da abin da ke cikinta. Allah ya tsare, amma ba dabarar kowa ba ce ta tsare. Ban ga laifin hedimastan ba sosai. Mutum ne da malamansa ba su kai yawan azuzuwansa ba, kuma ya san in aka tarar da layi babu sa hannu, takardar tuhuma a kansa za ta fara sauka kafin ta kai ga malamar. Tsarin da muka gina ya fi tsoron rajista da ba a cike ba a kan cutar da za ta kwantar da rabin makaranta.

Ƙarambau ta iska take bi, kuma mai ita yana fara yaɗawa kwana ɗaya ko biyu kafin ƙurajen su fito, har sai sun bushe. Ba ta cikin alluran da ake yi wa jarirai kyauta a asibitocinmu. Ƙyanda ta fi ta saurin kamu: ƙwayarta tana iya zama cikin iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum goma marasa riga-kafi da suka zauna da shi, tara za su iya kamuwa. Ga hangum, ga murar hunturu. Korona ita ma ba ta yi ƙaura ba, gwaji ne aka daina. Yau malami ya kwana uku da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, abinci ba ɗanɗano, ya je kemis, amsar da zai samu an san ta tun kafin ya buɗe baki: maleriya da taifot. A haɗa masa ƙwayoyi a leda, gobe ya koma gaban allo.

A watan da aka ɗage dokar takunkumi, wato Disamban 2022, a cikinsa ne mashaƙo ya ɓulla a Kano, ya bazu jihohin Arewa, kuma yara 'yan shekarun makaranta ya fi kamawa. Ba cire takunkumi ne ya kawo shi ba, ƙarancin riga-kafin yara ne, kuma ƙwayarsa ba irin ta korona ba ce. Na kawo shi ne don a ga cewa cutar da ke bin numfashi ba ta duba ko gwamnati ta rufe babin annoba.  

Akwai wani karo da juna da ban ji ƙungiyar malamai ta NUT ta ɗaga murya a kansa ba. Lokacin da aka sassauta dokar, an shawarci masu shekara 60 zuwa sama da masu fama da wata cuta a jiki su ci gaba da sa takunkumi, su guji cunkoso. A shekarar 2022 ɗin dai, cikin Afrilu, aka sa hannu a dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 ta aiki. Malamai sun yi murna, kuma sun cancanta. Sai dai ma'anarta ita ce dattijo mai hawan jini ko ciwon suga zai ƙara shekara biyar a ɗakin da ya fi ko'ina cunkoso a ƙauyensu. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Duk wanda ya taɓa leƙa aji ɗaya a makarantar gwamnati ya san wannan lissafi a takarda ya tsaya.

Za a ce ai akwai hutun jinya a dokokin aikin gwamnati. Akwai. Ko leburan kamfani, dokar ƙwadago ta ba shi har kwana 12 a shekara da albashinsa. Amma duk sai da takardar likita, kuma likita ba a kowane ƙauye yake ba. Malamin da ke can cikin ƙauye sai ya hau ɗan acaɓa da zazzaɓinsa zuwa babban asibiti a Keana, ko ya wuce Lafia, ya yanki kati, ya bi layi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin wannan tafiya ya fi kuɗin maganin. Mutanen da ba su manta da shekarun da ake biyan su albashi kashi-kashi ba, ba za su yi wasa da abin da zai sa a taɓa musu ko naira ɗaya ba. Malaman da ƙungiyar iyaye ke biya da na makarantun kuɗi kuwa, ranar da ba ka zo ba a aljihunka take. Su ne aka bari ba albashi wata da watanni a 2020, sun kuma koyi darasin. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta san da cutar da mutum ke ɗauka a bakin aiki, amma ka tambayi malamai goma a kowane taron bita ko sun taɓa jin ta, ka ga kallon da za su yi maka.

Abin da nake nema daga hukumar SUBEB da Ma'aikatar Ilimi a Lafia bai kai kuɗin fentin aji ɗaya ba. Takarda ce guda, da sa hannu da hatimi, da za ta ba hedimasta ikon sallamar malami mai zazzaɓi da tari ko ƙuraje na kwana uku ba tare da takardar likita ba, in abin ya wuce haka a karɓi takardar jami'in lafiya na asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. A rubuta a ciki ƙarara cewa masu duba makarantu ba za su ɗauki wannan a matsayin fashin aiki ba. Yaro mai ƙarambau ko ƙyanda shi ma a ba shi damar rama gwajin da ya wuce shi, don tsoron sifili ne yake sa uwa ta turo shi, wani lokacin kuma don ba mai zama da shi, ita tana gona ko wurin dafa gishiri.

Sai tagogi. Da hunturu ya kama, ana rufe tagogin ƙarfen nan ruf saboda ƙura da sanyi, yara sittin suna tari a ɗaki kamar an rufe tukunya. A buɗe biyu masu kallon juna, yara su sa rigar sanyi. Abin dariya ma, ajin gindin mangwaro da muke jin kunyar a ɗauke shi hoto ya fi sabon gini mai rufaffun tagogi lafiya ta wannan fuska, ko da yake ba ina ba kowa hujjar ƙin gina azuzuwa ba ne.

Takunkumin kansa yana da sauran aiki, amma a fuskar mai tari, ba a fuskar kowa ba. A Japan tun kafin a san korona, mai mura ne yake rufe hancinsa don kada ya shafa wa jama'a, ba wanda yake kallonsa. A nan malami ya sa, kafin ƙarfe tara yara sun laƙaba masa Malam Korona, abokan aiki suna tambayarsa ko shi kaɗai ne yake son rai. Kwali ɗaya a ofishin hedimasta ya isa zango, in shugaban makaranta ya fara sawa da kansa ranar da yake mura.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa zai riƙe ajin. Muddin babu, hedimasta zai ci gaba da bugo waya, ko an aiko masa da takarda goma. Muna da masu yi wa ƙasa hidima da ake tarawa a makarantun cikin gari, muna da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Akwanga da ke fita koyon koyarwa, muna da masu takardar NCE zaune a gida ba aiki a kusan kowace unguwa. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zai iya ajiye sunayen irin waɗannan a kowace gunduma, da ɗan alawus na rana ga wanda aka kira ya tsaya wa malamin da ke kwance. NUT reshen Keana ta saba zama da hukuma kan ƙarin girma da bashin albashi. A zama na gaba ta sa wannan a takardar buƙatunta, kuma ta nemi a ba ta amsa kafin a dawo hutun Disamba, don a Janairu da Fabrairu ne tarin ya fi yawa.