Midil ta Sakkwato: a tattara tarihinta tun ana da masu ba da shi

A jihar Filorida ta Amurka an taɓa yin ƙananan kwalejoji 12 na baƙaƙen fata zalla. Bayan dokar daidaita haƙƙi ta 1964 aka narkar da su cikin na fararen fata, sunayensu suka ɓace, malamansu da dama suka rasa muƙamansu.

Wariyar da Turawa suka yi a ilimin Arewa ba ta launin fata ba ce. Sun taƙaita makarantun mishan a masarautun Musulmi, suka buɗe 'yan ƙalilan nasu, galibi don 'ya'yan sarauta da waɗanda za su riƙe ofisoshin En'e. Daga Midil ta Sakkwato, ɗalibai kaɗan ne ke wucewa Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta koma Kaduna, sannan Zariya, ta zama Barewa. Ahmadu Bello ya koyar a Midil ɗin daga 1931 zuwa 1934, kafin a naɗa shi hakimin Rabah. Shehu Shagari ma a can ya yi karatu, ya dawo ya koyar.

Sunayen manyan kowa ya san su. Amma su wa aka ɗauka, su wa aka bari a gida? Amsar tana cikin rajistocin makarantar da bakin dattawan da suka rage. Ya kamata gwamnatin jihar ta ba Gidan Tarihi na Waziri Junaidu kuɗin tattara takardun da naɗar muryoyin dattawan nan, kuma a sa shi cikin kasafin baɗi.