Mervyn Hiskett da bashin da ke wuyan hadiman manya

Duk wanda ya karanta tarihin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Turanci, da wuya bai ci karo da sunan Mervyn Hiskett ba. Baturen Ingila ne, an haife shi a 1920, ya rasu a 1994. Ya yi shekaru yana koyarwa a Makarantar Nazarin Larabci ta Kano kafin ya koma Jami'ar Landan, inda ya koyar da Hausa a makarantar nazarin harsunan Gabas da Afirka. A 1973 ya fitar da The Sword of Truth, littafin rayuwar Shehu da zamaninsa, wanda har yau ɗalibai ke komawa gare shi.

Kafin ya zama marubucin tarihin rayuwa, mai fassara ne, kuma wannan ne sirrin aikinsa. A 1960 ya fassara Kitabul Farƙi, wanda ya bayyana bambancin mulkin Musulunci da na sarakunan Haɓe. A 1963 ya tace Tazyinul Waraƙati na Abdullahi Ɗanfodiyo, ya mayar da shi Turanci. A 1967 ya fassara Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, shekara guda bayan an kashe Firayim Ministan. Wato sai da ya shafe fiye da shekara goma yana bin maganar mutanen nan jimla bayan jimla, kafin ya yarda ya faɗi tasa a kansu. Masu rubuta tarihin manya a Abuja yau, waɗanda ke kammala littafi cikin wata uku don a ƙaddamar da shi ranar bikin cikar maigida shekara sittin, ya kamata su tsaya a kan wannan.

Ba cewa nake aikinsa ba shi da aibu ba. Sunan littafin kansa ya gabatar da takobi a kan alƙalami, alhali Shehu ya yi kusan shekara talatin yana wa'azi da karantarwa kafin hijira zuwa Gudu a 1804. Sai dai abin da ya fi damuna ba kuskuren Hiskett ba ne. Tambayata ita ce, daga ina ya samo abin da ya rubuta?

Daga mutanen da ke kusa da Shehu ya samo. Ƙaninsa Abdullahi ya rubuta. Ɗansa Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri. Waziri Gidado ɗan Laima ya tattara labarinsa da karamominsa a Raudul Jinani. Waɗannan su ne suka zauna a majalisa, suka rubuta wasiƙu, suka ji shawarar da aka yanke da wadda aka fasa. Da harshen ofis na yau, su ne manyan sakatarori da mataimaka na musamman. Da sun yi shiru, da Hiskett ya rasa abin fassarawa, da mu ma mun rasa abin karantawa.

Akwai misali mafi kusa da mu. Ma'aikacin da ke tasowa daga Minna ranar Litinin da asuba yana ratsa Lambata, inda hanyar Lapai da Bida ta rabu. Ta wajen Lapai ɗin nan aka kashe Makau, Sarkin Zazzau na Haɓe, a 1825, bayan mayaƙan jihadi sun fitar da shi daga Zariya. Ƙaninsa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja a 1828, garin da ya bar wa babban birnin tarayya sunansa bayan dokar 1976, shi kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Mun san wannan labari dalla-dalla ne saboda 'yan garin biyu, Alhaji Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, sun zauna sun rubuta shi da Hausa, Frank Heath ya fassara, aka buga a 1952 da sunan A Chronicle of Abuja. Abin lura shi ne, nasu littafin muryar waɗanda aka kora ce. Wanda ya karanta Hiskett kaɗai ya ji Sakkwato. Sai ya haɗa da na mutanen Suleja sannan zai ji yadda al'amarin ya kasance ga wanda ya bar gidansa a Zazzau.

To, wa ke yi wa zamaninmu wannan aiki? Gwamnati ta tare a Abuja tun 12 ga Disamba 1991. Ministoci sun zo sun wuce, kowanne da hadimansa. Yawancin umarnin da a da ake rubutawa a gefen fayil yanzu ta WhatsApp yake tafiya, kuma ranar da aka sauya waya ko aka sauke maigida, shi ke nan. Wanda zai rubuta tarihin wani minista nan da shekara arba'in zai tarar da jawaban biki da hotuna da littattafan yabo, ba zai tarar da dalilin da ya sa aka soke wata kwangila ko aka dage wata doka ba.

Za a ce ai ma'aikaci ya yi rantsuwar riƙe sirri. Gaskiya ne, kuma ba kwarmato nake kira a yi ba. Adanawa daban, fallasawa daban. Hadimi na iya riƙe littafin da yake rubuta abin da ya gudana kowace rana, da kwanan wata da sunayen mahalarta, ya ajiye shi har lokacin da bayyana shi ba zai cutar da kowa ba. Takardun hukuma kuwa ba kayan gadon maigida ba ne da za a loda a bayan mota ranar miƙa mulki. Wurinsu Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kaduna. Takardun kashin kai kuma Gidan Arewa na nan, a tsohon gidan Sardauna. Wanda Turanci ke yi wa nauyi ya rubuta da Hausa, kamar yadda Hassan da Shu'aibu suka yi, mai fassara zai zo daga baya.