Sabon Ringi Ba Ya Gyara Tsohuwar Silinda

A Nguru da Gashuwa har yau akwai magidanta da ke riƙe da tsofaffin babura, irin su Honda CG125 wanda aka fara ƙerawa a 1975. Da shi ake zuwa gona, da shi ake cin kasuwannin ƙauye. Amma rairayi da ƙurar hunturu ba sa raga wa inji. Da zarar babur ya soma shan baƙin mai, yana fitar da shuɗin hayaƙi, sai a ce ringi ya mutu, a aika Kano a sayo sabo.

To, a nan ne kuɗi ke salwanta. Ƙurar da ta cinye ringi ta ci cikin silinda ita ma. Faɗin silindar CG125 milimita 56.5 ne. Idan ta buɗe, tilas a kai ta wurin masu injin rarakewa, a sa fistan da ringi masu ƙarin girma, milimita 0.25 ko 0.50, daidai da sabon faɗin.

Bakanike na ƙwarai yakan zura ringin cikin silinda tukuna, ya auna tazarar bakinsa. Wajen ɗaurawa, gefen da ke da harafi ya dubi sama, bakunan ringi ukun kuma kada su haɗu wuri guda.

Saboda haka mai babur ya nemi a auna masa kafin ya saya, ya guji jabu, ya riƙa wanke matatar iska. Araha dai ba ta ado.