Murya Biyu a Zango Ɗaya: Abin da Ke Cinye Kiran Waya a Iyakar Gobir

Ɗan kasuwar da ke Gangara, a ƙaramar hukumar Sabon Birni, ya san wannan takaici. Wayarsa na nuna sabis a cike, amma kira ba ya shiga. In ya shiga, muryar abokin cinikinsa na Shinkafi ko Sakkwato ta dinga tsinkewa, har a rasa ko dubu arba'in ya ce ko saba'in. Mai POS kuwa sai ya ɗaga na'urarsa sama kamar mai roƙon ruwa: kuɗi sun bar asusun mai saye, ba su iso ba. Duk wannan sunansa ɗaya a bakin jama'a, wato "babu sabis". Alhali sau da yawa sabis ɗin yana nan, hayaniya ce ta danne shi.

Wayar hannu ƙaramar rediyo ce da ke magana da turken sadarwa a kan wani zango da aka yanka wa kamfani, galibi kusa da megahaz 900 da 1800 a tsarin GSM. A Najeriya hukumar NCC ke wannan rabo, a Nijar kuma ARCEP, kowace a cikin ƙasarta. Saboda haka zangon da aka bai wa wani kamfani a nan yana iya zama shi ne aka bai wa wani a can. Tsakanin Kaduna da Agadas wannan ba ya damun kowa. Amma a ƙasar Gobir, inda fili yake shimfiɗe, kuma turke ɗaya a ƙa'idar GSM ke iya riƙe waya daga nisan kilomita 35, eriyar da aka kafa don ƙauyukan jihar Maraɗi ba ta san inda Nijar ta ƙare ba. Sai waya ta ji murya biyu a zango ɗaya ta kasa tantance tata. Wani lokacin ma sai ta saki turken gida ta kama na maƙwabta, mai ita yana zaune a rumfarsa ana cire masa kuɗin wanda ya fita ƙasar waje.

Maganin da ya fi saurin zuwa wa mai shago shi ne busta, na'urar ƙara ƙarfin sabis da ake sayarwa a kasuwa da eriyarta a kan doguwar gora. A nan ne gyara ke zama ɓarna. Busta mai arha ba ta bambance murya da hayaniya, duk abin da ta tsinta sai ta ƙara masa ƙarfi. Idan kuma eriyar waje da ta cikin shago suka yi kusa da juna, sai na'urar ta riƙa jin kanta tana maimaitawa, kamar lasifikar masallaci da aka kusanto da ita bakin makirufo. Wannan ƙugi yana tafiya kai tsaye zuwa turke ya toshe masa kunne, ya daina jin wayoyin da ke nesa, waɗanda dama da ƙyar muryarsu ke isa. Shago ɗaya ya samu sauƙi, ƙauye uku sun rasa kira. NCC ta sha gargaɗi cewa amfani da irin wannan na'ura ba da izini ba laifi ne, kuma tana da gaskiya. Sai dai gargaɗi ba ya sauke gora daga rufin mutumin da ba a ba shi wata mafita ba.

Gyaran na hakika ba shi da wuya a wajen injiniya. A auna zangon a gano daga ina hayaniyar ke fitowa, a sunkuyar da eriyar da ke leƙa ƙetare, a rage mata ƙarfi, sannan ƙasashen biyu su raba zangunan bakin iyaka, kowa ya san nasa. An ma kama hanyar haka. A farkon shekarar 2023, a Abuja, ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, da takwaransa na Nijar suka sa hannu kan yarjejeniyar daidaita zanguna a kan iyaka, daga megahaz 87.5 zuwa gigahaz 30, da sharaɗin ɓangaren da katsalandan ya fito daga wajensa ya magance shi cikin kwana 30 bayan samun koke a rubuce. Bayan 'yan watanni, ranar 26 ga Yuli, sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, aka rufe iyaka, zumunci ya yi tsami. Yarjejeniyar da ta dogara kan wasiƙa tsakanin ofisoshi biyu tana buƙatar ofisoshin su kasance suna gaisawa. Ga kuma tambayar da ta fi sauƙi: wane injiniya ne zai ɗauki na'urar awo ya bi hanyar Isa zuwa Sabon Birni ba da rakiya ba?

Akwai masu ganin a datse sabis ɗin Nijar gaba ɗaya daga wannan yanki, tunda 'yan bindiga na amfani da shi. Hujjarsu ba ta banza ba ce, amma an riga an gwada datsewa. A Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, ciki har da Sabon Birni da Isa. Rahotanni suka nuna 'yan bindigar sun koma layukan Nijar, talaka kuma ya rasa hanyar sanar da kowa cewa an ga babura sun nufo gari. A watan Oktoba aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe mutum fiye da 40, har gwamna Aminu Waziri Tambuwal da kansa ya nemi a sake duba matakin. Ga mutumin Gangara da ke da layin Nijar a aljihu, wannan sabis da injiniya ke kira kutse shi ne ya rage masa a waɗancan watanni, ya kira ɗan'uwansa da ya yi gudun hijira zuwa Gidan Rumji.

Don haka abin nema a daidaita sabis ɗin ƙetare, ba a kashe shi ba. Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri dangi ne, cinikinsu ya girmi iyakar da Ingila da Faransa suka shata, naira da sefa na cuɗanya a aljihu ɗaya. Abin da ya dace da irin wannan wuri shi ne a raba zango kamar yadda aka sa hannu a 2023, a yi wa mazauna bakin iyaka farashin kira na gida ko wane turke wayarsu ta kama, kamfanoni kuma su kafa tasu na'urar ƙara ƙarfi mai izini a kasuwannin da ke da cunkoso kafin a ce mai shago ya sauke tasa. Na farko da na biyu suna jiran Abuja da Yamai. Na uku kuwa NCC na iya sa kamfanoni su fara shi a kasuwar Sabon Birni ba tare da jiran kowa ba.