Kada A Jefar Da Hedifon Don Wayarsa Ta Tsinke

Batun wannan mako ƙaramin abu ne ga ido, amma da wuya a sami gidan da bai taɓa faruwa ba. Mutum yana sauraron labarai ko karatu da na'urar nan ta sawa a kunne, wadda a ke kira hedifon, sai kunne ɗaya ya yi tsit. In ya ɗan lanƙwasa wayar kusa da filogi murya ta komo, in ya saki ta ɓace. Bayan kwana biyu ya gaji, ya jefar, ya sayi sabo. To, yawancin waɗanda suka yi haka lafiyayyen abu suka jefar, domin abin da ya lalace bai fi tsawon gaɓar yatsa ba. Gyara shi ya fi, kuma aiki ne da mai haƙuri zai iya koya a yini guda.

Kyau a fara duba abin da ke ciki. A kowane kunne akwai ɗan maganaɗisu, da siririyar waya da aka naɗe, da wani ɗan faifai marar kauri wanda ke kaɗawa kamar fatar kalangu. Lantarki na bi ta naɗin wayar, faifan ya kaɗa iska, kunne ya ji murya. Waɗannan suna zaune cikin gidansu, ba mai taɓa su, saboda haka su kan daɗe ƙwarai. Doguwar wayar da ke kawo musu lantarki ita ke shan wahala: a naɗe ta, a cusa aljihu, a fizge ta. Jan ƙarfe kuwa yana da wata ɗabi'a da kowane maƙeri ya sani, watau in aka yi ta lanƙwasa shi a wuri guda sai ya taurare, sa'an nan ya karye. Zaren jan ƙarfen da ke cikin wayar su kan tsinke ɗaya bayan ɗaya a gindin filogi, ko inda wayar ta shiga kunne, alhali robar da ke waje ba ta nuna kome ba.

Shi filogin tsohon abu ne. Babban, mai kaurin milimita 6.35, asalinsa daga ɗakunan haɗa wayar tarho ne, waɗanda aka fara buɗe na kasuwanci a New Haven ta Amurka a 1878. Ƙaramin, mai milimita 3.5, ya bazu tare da ƙananan rediyo na aljihu, ya kuma cika duniya bayan Sony ta fito da Walkman a 1979. In an dubi jikinsa za a ga zobba biyu na roba sun raba shi uku: tsinin na kunnen hagu ne, tsakiya na kunnen dama, gindi kuwa hanyar komowar lantarki ce ta su duka biyu. Ilmin ke nan duka. Hedifon kansa ma da hannu aka fara ƙera shi, gama Nathaniel Baldwin a ɗakin girkin gidansa a jihar Utah ya haɗa nasa a 1910, rundunar jiragen ruwan Amurka kuma ta saya.

Mai son gyara zai yanke wayar ɗan nesa da inda ta tsinke, ya fere robar, ya zura murfin sabon filogi a jikin wayar tun kafin ya like kome. Wanda ya manta da wannan sai ya warware aikinsa duka, kuma da wuya a sami mai koyon da bai taɓa mantawa ba. Inda masu koyo suka fi faɗuwa shi ne nan: zaren da ke ciki an shafe kowannensu da wani fenti mai launi wanda ba ya barin lantarki ya wuce, dalma kuma ba ta kama shi. Tilas a tsoma bakin zaren cikin ɗigon narkakkiyar dalma a kan ƙarfen likin har fentin ya ƙone, bakin ya yi fari fat kamar azurfa. Sau da yawa ja na dama ne, kore ko shuɗi na hagu, amma masu ƙira ba su yi yarjejeniya a kan launi ba, don haka gwadawa da mitar lantarki ya fi dogara ga ido. Filogi mai kashi huɗu, na wayar hannu mai makirufo, yana da tsari iri biyu, CTIA da OMTP, waɗanda suka musanya wurin makirufo da na hanyar komowa. In an like bisa tsarin da bai dace ba, murya za ta fito kamar daga cikin rijiya. Bayan an gama sai a matse wayar da maƙallin da ke gindin filogi, don in an fizga ƙarfin ya faɗa kan roba, kada ya faɗa kan likin.

Dalmar da aka saba, mai kashi 60 na kuza da 40 na gubar dalma, tana narkewa wajen digiri 190. Guba ce, a wanke hannu bayan aiki, a buɗe taga saboda hayaƙi, a nisanta ta daga yara. Ƙasashen Tarayyar Turai sun taƙaita ta a kayan lantarki tun 2006, akwai kuma marar guba a kasuwa, sai dai ta fi son zafi. Lantarkin da ke bin wayar hedifon ba ya ji wa mutum ciwo. Wayar da ke shiga bango wani abu ne dabam, mai koyo ya bar wa masu sana'a.

Akwai kuma wata asara da ta fi ta jefarwa ciwo. A kantunan Ingila da Amurka ana sayar da wayoyin canji na azurfa da kuɗin da ya kan fi na hedifon kansa, da da'awar suna wanke murya. Lissafi bai goyi bayan wannan ba. Kowace waya tana ɗan turje wa lantarki, ana auna turjiyar da om. Hedifon na wayar hannu yawanci om 16 zuwa 32 ne, na ɗakunan watsa labarai ya kan kai 250 ko 600. Wayarsa kuwa wajen om ɗaya ce ko ƙasa. Azurfa ta fi jan ƙarfe saurin kai lantarki da kamar kashi 6 cikin 100 kurum. In an cire kashi shida cikin ɗari na om ɗaya, aka gwada da om 32, bambancin bai wuce kashi 2 cikin 1,000 ba, kunnen ɗan Adam kuwa ba ya jin wannan. Ruwan zinariyar da a ke shafa wa filogi amfaninsa hana dusashewa ne, domin ita zinariya ba ta kai jan ƙarfe kai lantarki ba.

Inda waya ke da tasiri na gaske shi ne doguwar wayar makirufo, irin ta masallatai da wuraren wa'azi. Siginar makirufo raunana ce ƙwarai, wayar kuma ta kan kwaso gurnanin lantarkin gari, mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa a Gana da Ingila, sau 60 a Amurka da Saudiyya. Maganinsa waya mai saƙaƙƙen sulke da zare biyu a murɗe, da filogi mai ƙafa uku da a ke kira XLR. Kwamitin da ya sami yaro ɗaya mai iya like wannan ya huta da sayen sabuwar lasifika ba dalili.

Masu musu za su ce ƙarfen likin ya fi ɗan hedifon mai araha tsada, wasu kuma an manne su da gam yadda ba su buɗuwa. Gaskiya ne, kuma ba duka ne suka cancanci wahala ba. Amma ƙarfe ɗaya zai ishi gida ko unguwa shekara da shekaru, wanda ba shi da shi kuma yana da mai gyaran rediyo ko waya a bakin kasuwa. Wasu za su ce zamani ya wuce waya tun da Apple ta cire ramin filogi daga iPhone 7 a 2016. Sai dai marar waya batir gare shi, batir kuwa yana da ajali, mafi yawansu ba a iya canja musu shi.

Abin da aka jefar ba ɓacewa ya ke yi ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta sharar kayan lantarki ta 2022 a kan tan miliyan 62, wadda aka tabbatar an sarrafa ta yadda ya kamata kuma ba ta kai rubu'i ba. Mazauna Akra sun san baƙin hayaƙin da ya riƙa tashi a Agbogbloshie kafin a rushe wurin a 2021, inda samari, da yawansu daga arewacin Gana, suka riƙa ƙona wayoyi don su fid da jan ƙarfen da ke ciki, suna shaƙar gubar robar. Mai sayen sabon hedifon, kafin ya miƙa kuɗi, ya duba ko wayarsa mai cirewa ce, ya kuma juya shi ya ga ko da kusoshi aka ɗaure shi ko da gam.