Ina sunan dattijon Tuboro a manazarta?

Ranar Talatar da ta wuce ɗan ƙanwata ya kawo mini kundin digirinsa na biyu in duba masa kafin ya miƙa. Bincikensa a kan yadda noman auduga ya jawo mutanen jihar Arewa Mai Nisa suka zo suka zauna a ƙasar Tuboro ne. Na fara daga baya, wato daga manazarta. Shafi huɗu cif, kowane waƙafi yana mazauninsa. Na yaba. Ya ce, "Kawu, ai yanzu an daina shan wannan wahalar, Zotero ke yi." Yana buɗe littafi ko maƙala a intanet sai ya danna, manhajar ta kwaso sunan marubuci da shekara da maɗaba'a, ta jera su yadda aka umarce ta.

Ba ni da faɗa da manhajar: kyauta ce, tun 2006 aka fito da ita daga Jami'ar George Mason ta Amurka, kuma duk wanda ya taɓa kwana yana jera manazarta da biro ya san darajarta.

Abin da ya hana ni barci yana babi na uku. Babin nan kaf ɗinsa ya tsaya ne a kan bakin wani dattijo na Tuboro. Kwana uku yaron ya yi a zaurensa. Dattijon ya faɗa masa waɗanda suka fara sauka, da wanda ya yanka musu gona, da yadda aka yi da makiyaya lokacin da gonaki suka ci burtali. Babu littafin da ke ɗauke da wannan. Na bi shafukan nan huɗu da yatsa har sau biyu, na ga Faransawan da suka rubuta a kan kamfanin auduga na Sodecoton, har da waɗanda yaron ya amsa mini cewa taƙaitawar aikinsu kawai ya karanta. Dattijon ba ya ciki.

"Kawu, tsarin APA aka ce mu bi, shi kuma ba ya sa hirar baka a jeri."

Bai yi ƙarya ba. Wannan tsari na masana halayyar ɗan Adam ne na Amurka, asalinsa tun 1929, kuma ƙa'idarsa ita ce abin da mai karatu ba zai iya nemowa ba, a ambace shi cikin rubutu kawai. Su da iliminsu ke ajiye a mujallu, ta yi musu daidai. Mu fa? Rabin tarihin Mayo-Rey, yankin da Tuboro take, yana ƙirjin tsofaffi ne. Kuma manhajar kanta tana da gurbin shigar da hira. Babu wanda ya nuna masa.

Dubi masanin tarihi marigayi Eldridge Mohammadou, haifaffen Garwa: ya ƙare rayuwarsa yana yawo daga fadar wannan lamiɗo zuwa waccan da rikoda. Littafin tarihin Garwa da ya fito a 1980, sunan Modibbo Bassoro yana bangonsa tare da nasa. Na Rai Buba kuma yana ɗauke da sunan Alhaji Hamajoda Abdullahi. Mai ba da labari a bango, ba a ɓoye ba! Ba na gajiya da maganar isnadi, kuma yau ma zan yi ta. Yaron da ya zauna gaban malamin zaure ya san ba a karɓar hadisi sai an ji wane daga wane. Mun gaji faɗin inda muka samo magana tun kafin a haifi kakan wanda ya ƙera kwamfuta.

Ga kuma ɓarnar sunaye. A jerin yaron na ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya koma "Fodiyo, U. D." Manhajar ta ɗauki kalmar ƙarshe a matsayin sunan dangi, yadda aka gina ta, ta mai da "ɗan" harafi. Fodiyo laƙabin mahaifinsa ne. Gyaran bai fi minti ɗaya ba, amma sai mai ido ya duba.

A nan nake ganin laifin masu duba kundi. Yau muna da jami'a a Ngaundere, da Marwa tun 2008, da Garwa tun 2022. Malamin da zai mayar wa ɗalibi aikinsa saboda waƙafi ya goce, amma ya sa hannu a kan kundin da ya kwashi ilimin tsoho ya shafe sunansa, ya ci amanar aikinsa. Kowane sashe yana da ikon ya ce a ware shafi na waɗanda aka yi hira da su: suna, shekaru, sana'a, gari, ranar hira, da harshen da aka yi ta.

Na mayar wa yaron kundinsa. Ashe ko cikakken sunan dattijon bai rubuta ba, Baba kawai yake ce masa. Ranar Juma'a zai hau mota zuwa Tuboro ya tambayo sunan, ya kuma nemi izininsa kafin ya sa.